Yunwar Sudan: wa ya tare hanyar abinci, kuma ƙasar ta waye? Tambayoyi da amsoshi

Jama'a tunda labarin Alfashir, birnin Darfur a yammacin Sudan da ya faɗa hannun dakarun RSF bayan doguwar ƙawanya da yunwa, ya karaɗe ko'ina mutane ke ta jefo tambayoyi, wasu a kan yaƙin kansa, wasu a kan me ya hana a kai wa mutane abinci, wasu kuma a kan 'yan'uwanmu Hausawan can. Na tattaro waɗanda aka fi maimaitawa na haɗa su wuri guda. Da ɗan tsawo fa, sai a yi haƙuri.

Wai su wa ke mulkin Sudan yanzu?

Soja, kuma ba yau aka fara ba. Umar Albashir ya yi juyin mulki a 1989 ya zauna shekara 30 sai a Afrilun 2019 zanga-zanga ta kai sojojinsa suka ture shi. Aka yi 'yar gwamnatin haɗaka da farar hula, ranar 25 ga Oktoban 2021 Janar Abdulfatah Alburhan da mataimakinsa Muhammad Hamdan Dagalo wanda aka fi sani da Hemeti suka kore farar hular. Su biyun nan ne kuma suka ɓaɓe ranar 15 ga Afrilun 2023, Burhan da sojan gwamnati, Hemeti da dakarun RSF waɗanda Albashir ya kafa a 2013 daga cikin Janjawid, wato mayaƙan sa-kai na Larabawan Darfur. Gwamnatin Burhan ta kwashe ofisoshinta zuwa Fot Sudan a bakin Bahar Maliya, RSF ta mamaye yawancin Darfur, sannan ga ƙungiyar SPLM ta arewa ta Abdul'aziz Alhilu riƙe da wani yanki na Duwatsun Nuba, ga ta Abdulwahid Nur a Jabal Marra. Duk inda ka sa ƙafa dai mai bindiga ne ke da ta cewa.

An ce wai a 2024 aka "ayyana" yunwa, to da can ƙoshi ake yi?

A'a. Akwai wani ma'auni ne da hukumomin agaji suka yarda da shi, IPC ake ce masa, mataki 5 gare shi, kuma kafin a ce wuri ya kai mataki na 5 sai abu uku sun haɗu: gida 1 cikin 5 ba su da abin sawa a baka, kashi 30 cikin 100 na ƙananan yara na fama da tamowa mai tsanani, sannan a kullum mutum 2 cikin kowane 10,000 na mutuwa saboda yunwa ko cutar da yunwa ta buɗe wa ƙofa. Ka ga ke nan kafin a furta kalmar an riga an binne mutane da yawa. A Somaliya a 2011 kimanin mutum 260,000 suka mutu, wajen rabinsu kafin sanarwar ta fito.

A Sudan ranar 1 ga Agustan 2024 kwamitin IPC ya tabbatar da yunwar a sansanin Zamzam da ke kudu da Alfashir, inda mutum wajen 500,000 ke zaune a lokacin. Amma tun Fabrairun shekarar likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka ce a lissafinsu duk awa 2 yaro ɗaya na mutuwa a sansanin. A Disamba aka ƙara da sansanonin Abu Shuk da Assalam da yammacin Duwatsun Nuba, lokacin mutum miliyan 24.6, wajen rabin ƙasar, na cikin matsananciyar yunwa. A Nuwamban 2025 aka sa birnin Alfashir da Kadugli na yankin Duwatsun Nuba.

Abincin ne babu ko hanyar kai shi ce babu?

Nan ne fa gizo ke saƙar. Sudan ba ƙasar da za a ce ta rasa hatsi ba ce, Gadarif kaɗai dawar da riɗin da take nomawa ba ƙanana ba ne, ga gonakin Jazira da ake ban ruwa tun 1925. Yaƙi ya taɓa noma sosai kam, amma babban abin shi ne buhu ya tashi daga inda yake ya isa inda ake nemansa.

Bari in kwatanta yadda tirelar abinci ke tafiya. Gwamnati na da wata hukuma HAC wadda tun zamanin Albashir kowa ya san jami'an tsaro ne cike da ita, ita ke yi wa ƙungiya rajista, ita ke sa hannu a takardar izinin tafiya, ma'aikaci ɗan waje sai ya jira biza wata da watanni, in ya samu ya sauka Fot Sudan sai ya sake neman wata takardar kafin ya fita daga garin, kayan kuma sai kwastan sun sake su, sai leƙen asirin soja sun buga hatimi, kuma in takardar ta nuna motar za ta tsallaka zuwa yankin da RSF ke riƙe da shi to nan ne fayil ke yin barci a durowa. Ba wanda zai ce maka a'a ƙiri-ƙiri, "ana dubawa" kawai za ka yi ta ji har damina ta sauka.

To daga Fot Sudan zuwa Alfashir ya haura kilomita 1,500 kuma sai an ratsa fagen daga. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ta Chadi, ta garin Adre, daga nan zuwa Aljunaina, babban birnin Darfur ta Yamma, tafiyar kilomita 30 ce ko makamancin haka. A Fabrairun 2024 gwamnatin soja ta ce ta haramta bin Adre, wai ta nan makamai ke shigo wa RSF, ta ce a koma mashigar Tine da ke arewa. Tine kuwa da ruwa ya sauko kwaruruka ke cika, manyan motoci su kafe a laka kwana da kwanaki. Sai tsakiyar Agusta, mako 2 bayan an tabbatar da yunwa a Zamzam, aka ce an buɗe Adre na wata 3, daga nan aka riƙa sabuntawa na 'yan watanni kamar wata alfarma.

Kada wani ya ɗauka ɗaya ɓangaren na da dama-dama. RSF ma ta kafa tata hukumar, SARHO, ita ma rajista da takarda da kuɗi, ga shingaye a hanya kowane da yaran da za a sallama, ga wawure kaya. Da suka shiga Wad Madani, babban birnin jihar Jazira, a Disambar 2023 an fasa siton hukumar abinci ta duniya WFP, an kwashe abin da hukumar ta ce zai ciyar da mutum kusan miliyan 1.5 na wata guda. Kuma ƙungiyar da ta yi rajista da SARHO tana tsoron gwamnatin soja ta kore ta, wadda ta ƙi yi kuma RSF ta hana ta aiki, gaba kura baya siyaki. A Yunin 2025 an kai wa ayarin motoci 15 na WFP da UNICEF hari da dare kusa da Alkoma suna jiran izinin shiga Alfashir, mutum 5 suka mutu, kowane ɓangare ya ɗora wa ɗan'uwansa.

Amma Malam, iyakar Adre ai ba a hannun sojan gwamnati take ba, me ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ke neman izininsu?

Tambayar da ta fi ba ni haushi ke nan saboda gaskiya ce. Tun ƙarshen 2023 ba sojan gwamnati a Aljunaina, ma'ana wanda ya rufe ƙofar ba ya ma kusa da ita, da wasiƙa ya rufe ta daga ɗaya ƙarshen ƙasar. Dalilin shi ne Majalisar ƙungiyar gwamnatoci ce, ƙudurinta mai lamba 46/182 na 1991 ya ce agaji sai da yardar ƙasar da abin ya shafa, kuma gwamnatin Burhan ce ke zaune a kujerar Sudan a can. Hukumomin na tsoron in suka yi gaban kansu a kore su daga gabashin ƙasar inda nan ma miliyoyi ke jiransu. Tsoron ba na banza ba ne, a Maris 2009 da kotun duniya ta ICC ta ba da sammacin kama Albashir, cikin kwana ɗaya ya kori ƙungiyoyin agaji na waje 13, kuma a ƙarshen Oktoban 2025 gwamnatin yanzu ta ba manyan jami'an WFP 2 awa 72 su bar ƙasar.

Dokar yaƙi dai ta hana amfani da yunwa a matsayin makami, yana cikin ƙari na 2 da aka yi wa yarjejeniyoyin Janiba a 1977, Kwamitin Sulhu ma ya sake nanatawa a ƙuduri na 2417 a 2018. Kuma an taɓa tsallake gwamnati, a Siriya a 2014 ƙuduri na 2165 ya ba da damar shigar da kaya ta iyakokin maƙwabta ba tare da jiran Dimashƙa ba. A Sudan ba a samu wannan ba. Abin da aka samu shi ne ƙuduri na 2736 na Yunin 2024 da ya ce RSF ta janye ƙawanyar Alfashir, ba ta janye ba, sai kuma wani daftari da Birtaniya da Saliyo suka kawo a Nuwamba wanda Rasha ta hau kujerar naƙi a kansa. MSF da wasu ƙungiyoyi masu zaman kansu sun ci gaba da shiga ta Chadi, amma ba su da motoci da buhunan da za su maye gurbin WFP.

Me gwamnati za ta ƙaru da shi in ta ce ba yunwa?

In ka amsa akwai yunwa ka amsa cewa ka gaza, kuma ka buɗe ƙofar a matsa maka ka bar kaya su shiga yankin abokin gaba. Shi ya sa ana jajibirin fitar da rahoton Disambar 2024 gwamnati ta sanar ta dakatar da hulɗa da IPC gaba ɗaya, ta ce ana zubar mata da mutunci.

Tsohuwar ɗabi'a ce. A ƙarshen 1983 gwamnan Darfur Ahmad Ibrahim Diraij ya rubuta wa shugaban ƙasa na lokacin Numairi wasiƙa cewa damina ta ƙi, a nemi taimako tun da wuri. Numairi da ke tallan Sudan a matsayin rumbun abincin ƙasashen Larabawa bai so jin haka ba, gwamnan ya bar ƙasar, yunwar 1984 zuwa 1985 ta ci kusan mutum 100,000 a Darfur, dawar Amurka da ta iso daga baya har "Regan", sunan shugaban Amurka na lokacin, mutane suka sa mata. A Afrilun 1985 Numairi ya faɗi. A 1989 aka ƙulla wani shiri da UNICEF ta jagoranta na kai abinci kudanci ta jirgin sama daga Lokicokiyo a Kenya, amma Khartum ta riƙe ikon cewa ga inda jirgi zai sauka ga inda ba zai sauka ba, a Fabrairu da Maris na 1998 ta hana jirage zuwa Bahar Algazal, mutum wajen 70,000 suka tafi a wannan yunwar.

To ina maganar 'yan asalin wuri ta shigo cikin wannan?

Duba su wa suka cika Zamzam da Abu Shuk. Ba haka kawai suka tsinci kansu a can ba, Fur ne da Zagawa da sauran ƙabilun manoma waɗanda Janjawid da jiragen gwamnati suka ƙone wa ƙauyuka a 2003 da 2004, shekara 20 suna zaune a sansani suna cin hatsin agaji alhali gonakinsu na nan, wasu ne a ciki. Mutumin da aka raba da gonarsa shi ne na farko da yunwa ke kayarwa in an tare hanya, don ba shi da rumbu.

A Darfur akwai tsarin da suke kira hakura tun zamanin sarakunan Fur, waɗanda mulkinsu ya ƙare a 1916 da Turawa suka kashe Sarki Ali Dinar. Kowace babbar ƙabila na da yankinta, Dar Masalit, Dar Zagawa, har Larabawa masu shanu na kudu irin su Rizaigat suna da nasu. Baƙo na iya zuwa ya yi noma ko kiwo amma da sanin mai ƙasa, kuma yana ba da wani abu daga amfanin gona. Waɗanda aka bari a rana su ne Larabawa masu raƙuma na arewa, su ba su da yanki, burtali da mashaya kawai suka dogara da su, da fari ya cinye arewa a shekarun 1970 da 1980 suka gangaro kudu su ma suna neman wurin zama. A ɗaya gefen kuma Numairi ya kawo dokar 1970 da ta ce duk ƙasar da ba ta da rajista ta gwamnati ce, wanda a aikace yana nufin kusan duk ƙasar karkara, a 1971 ya rushe hukumar sarakunan gargajiya da ke sasanta irin wannan rigima. Sai aka wayi gari manomi na da haƙƙi a al'ada amma ba shi da takarda, makiyayi ba shi da ko ɗaya, gwamnatin soja kuma na da bindigar rabawa. Ta zaɓi wanda za ta ba, ta ce masa ƙasar da ka ƙwata taka ce.

A 1995 gwamnati ta naɗa wa shugabannin Larabawa sarautu a cikin Dar Masalit, daga nan jini ya fara zuba. Abin da ya faru a Aljunaina daga Afrilu zuwa Yunin 2023 ci gaban wannan ne, RSF da mayaƙan da ke tare da ita suka bi unguwannin Masalit, gwamnan jihar Khamis Abakar ya fito a talabijin ya ce ana yi wa mutanensa kisan kiyashi, ranar 14 ga Yuni, cikin awoyi aka kama shi aka kashe. Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta mutum 10,000 zuwa 15,000 aka kashe a garin. Sauran suka tsallaka Adre da ƙafa. Yanzu abin takaicin, motocin agajin da ke shiga ta Adre ta cikin Dar Masalit suke ratsawa, masu ƙasar kuma na tsallaken iyaka a bukkokin leda suna kallonsu.

Ke nan faɗan Larabawa da baƙar fata ne?

Wannan saukakawa ce da ba ta kama ba. Duk Musulmi ne, duk baƙaƙe ne in ka gan su, an yi auratayya shekaru aru-aru, kuma akwai Larabawa makiyaya talakawa da su ma yunwa ke ci, jiragen soja na jefa musu bam a kasuwanni, agaji kuma ba ya isa gare su saboda ana musu kallon 'yan RSF. Amma kuma ƙarya ne a ce ba ƙabilanci a ciki, a Aljunaina da Ardamata da ke kusa da ita tambayar ƙabilarka ake yi a shinge kafin a harbe ka. A Janairun 2025 Amurka ta ce RSF ta aikata kisan ƙare dangi ta sa wa Hemeti takunkumi, bayan kwana 9 ta sa wa Burhan nasa, cikin dalilan har da hana agaji.

Me mutanen Alfashir suka riƙa ci lokacin ƙawanya?

Ambaz. Tunkuzar da ke fita daga injin matsar man gyaɗa ce wadda a da dabbobi ake ba, busasshiya mai tauri, mata su daka ta su jiƙa su dama kamar kunu a ba yara sau ɗaya a rana, in ta daɗe a ajiye ta yi fumfuna tana sa gudawa da amai, kuma da kowa ya koma kanta ita ma ta yi tsada har ta gagari wasu. Daga baya rahotanni sun nuna har fatar dabba ake jiƙawa a dafa.

Ƙawanyar ta fara a Mayun 2024. RSF ta tare duk hanyoyin shiga, daga baya ta zagaye garin da ganuwar ƙasa wadda masu bincike na jami'ar Yale suka riƙa bibiya ta hotunan tauraron ɗan'adam, wanda aka kama da buhun gero a kan jaki yana ƙoƙarin shiga ya shiga uku. A Afrilun 2025 suka afka wa Zamzam kanta, suka kashe ma'aikatan asibitin agaji 9 a ranar farko, mutum kusan 400,000 suka watse, yawancinsu suka nufi Tawila, tafiyar kilomita 60 da wani abu a ƙasa ba ruwa, can kuma kwalara ta tarbe su da damina. A Satumba jirgi maras matuƙi ya faɗa wa wani masallaci ana sallar asuba ya kashe sama da 70. Ranar 26 ga Oktoba garin ya faɗi, hukumar lafiya ta duniya ta ce an kashe sama da mutum 460 a asibitin garin da ake kira asibitin Saudiyya kaɗai.

Duwatsun Nuba fa, ba a cika jin labarinsu ba?

Su tasu ta fi daɗewa. Tun ƙarshen shekarun 1960 gwamnati ke yanka filayen noman tarakta a wurare irin su Habila tana ba 'yan kasuwa da manyan ma'aikata daga birni, Nuba suka koma lebura a ƙasar kakanninsu, shi ya tura da yawansu cikin tawaye. A 1992 aka shelanta jihadi a kansu duk da akwai Musulmi da yawa a cikinsu, aka kwashe mutane zuwa wasu sansanoni da aka sa wa suna ƙauyukan zaman lafiya, kuma shirin jiragen 1989 ɗin nan bai shafi yankunan 'yan tawayen Nuba ba, shekara kusan 10 a rufe. Yaƙi ya dawo a 2011. A wannan karon abin ya juye, garuruwan Kadugli da Dilling da ke hannun soja ne aka yi wa ƙawanya, kuma Alhilu, wanda ya yi rayuwarsa yana yaƙi da sunan haƙƙin Nuba, ya sa hannu a ƙawance da RSF a Nairobi a Fabrairun 2025. Mutanen da yunwa ta kama a cikin Kadugli su ma yawancinsu Nuba ne.

Hausawan Sudan ina suka tsaya a wannan lissafin?

A wuri mai wuya. Hausawa da Fulani da Barebari sun daɗe a can ta hanyar aikin hajji, sannan bayan yaƙin Burmi na 1903 jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka yi hijira, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garin Mayirno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Da guminsu aka noma audugar Jazira, suna Gadarif suna Kasala suna Damazin, an haifi kakanni a can, amma har gobe akwai masu kallonsu a matsayin baƙi.

A 2022, ƙarƙashin mulkin Burhan, Hausawan jihar Shuɗin Nilu suka nemi a ba su sarautarsu a cikin tsarin sarakunan gargajiya. Ƙabilun da ke ganin su ne masu ƙasa, Berta da Hamaj da sauransu, suka ce sam, domin a tsarin can sarauta da ƙasa tare suke tafiya. A Yuli rikici ya ɓarke a Rusairis da kewaye, sama da mutum 100 suka mutu, Hausawa suka yi zanga-zanga a garuruwa da dama, a Oktoba aka sake yi a Wad Almahi, nan ma wajen 200. To ka ga hujjar da Bamasalit ke kare gonarsa da ita a Darfur, cewa ƙasa ta masu asali ce, ita aka ɗaga wa Bahaushe a gabas. Ni a ganina duk wanda zai yi maganar haƙƙin 'yan asali a Sudan dole ya riƙe biyun tare, Berta ma an ƙwace musu filaye an ba manyan kamfanonin noma, madatsar Rusairis ta cinye wasu, tsoronsu ba ƙirƙira ba ce, amma mutumin da kakansa ya share daji shekara 100 da suka wuce ba za ka ce masa ya koma Kano ba.

Irin wannan ta samu mazauna kanabi, wato rugagen leburorin gona a Jazira waɗanda yawancinsu 'yan asalin yammacin ƙasar ne. Da soja suka ƙwato Wad Madani a Janairun 2025 mayaƙan da ke mara musu baya suka afka wa wasu kanabi da zargin sun taimaki RSF, a Kambo Tayba ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta ƙirga aƙalla mutum 26 da aka kashe.

Ba wata doka ta duniya da ke kare irin waɗannan al'ummomi?

Akwai sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2007 kan haƙƙin 'yan asali, ta ce ba a tashin su daga ƙasarsu da ƙarfi kuma sai an nemi yardarsu, amma sanarwa ce ba ta da haƙora, Najeriya ma ƙauracewa ƙuri'ar ta yi. Yarjejeniyar da ke ɗaure ƙasa da gaske, ta 169 ta ƙungiyar ƙwadago ta duniya, a duk Afirka Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ce kaɗai ta amince da ita. Yarjejeniyar Juba ta 2020 ta amince da hakura ta yi alƙawarin mayar da mutane gonakinsu, a takarda ta tsaya. Abu ɗaya da ya motsa shi ne ICC, a Oktoban 2025 ta samu Ali Kushaib, wani kwamandan Janjawid, da laifin abin da ya yi wa ƙauyukan Fur a 2003 da 2004, aka yanke masa shekara 20. Albashir kuwa har yau ba a miƙa shi ba.

To in manyan hukumomi sun kasa shiga, wa ke ciyar da mutane?

Matasan unguwa. Kwamitocin da suka shirya zanga-zangar 2019 su suka rikiɗe suka zama abin da ake kira ɗakunan gaggawa, suka kafa takaya, wato wuraren dafa abincin sadaka irin na zawiyoyin shehunai, a kan al'adarsu ta nafir wadda gayya ce tsaf. Ƙatuwar tukunya a kan duwatsu uku a farfajiyar makaranta ko masallaci, adas ko wake ko shinkafa, tun hantsi yara sun jera robobi da bokitai a layi kowace da sunan gidansu, wani lokaci robar ce ke riƙe layin mai ita ya fake a inuwa saboda harsashi, ludayi biyu ko uku na gida guda kuma shi ke nan sai gobe. Ba sa tambayar ƙabila kuma ba sa jiran hatimin kowa, shi ya sa duka ɓangarorin ke zarginsu, soja su ce 'yan RSF ne RSF ta ce 'yan leƙen asirin soja ne, an kama da yawa an kashe wasu. An ba su kyautar kare haƙƙin ɗan'adam ta Rafto ta Norwe a 2025. A farkon shekarar ne kuma gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin USAID, masu tafiyar da su suka ce kusan kashi 80 cikin 100 na wuraren dafuwar sun rufe.

Kuɗin ta yaya yake isa gare su tunda bankuna sun rushe?

Ta waya. Akwai manhajar Bankin Khartum mai suna Bankak, ɗan'uwa a Saudiyya ko Masar ko Ingila ya tura, ma'ajin wurin dafuwar ya karɓa, ya je wurin ɗan kasuwa ya tura masa a ba shi buhu ko tsabar kuɗi, in tsaba ce kuwa ɗan kasuwar sai ya zaftare kasonsa, a wuraren da aka yi wa ƙawanya kason kan yi yawa ƙwarai. A Fabrairun 2024 layukan waya suka ɗauke a yawancin ƙasar, tukwane da yawa suka sauka a makon saboda ba hanyar karɓar kuɗi. Daga nan aka koma Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan'adam, da ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya, a yankunan RSF sau da yawa mayaƙan ne ke da na'urar ko suke karɓar haraji a kanta, kana biyan kuɗin awa ɗaya ka zauna a gabansu ka duba ko saƙo ya shigo. A Disambar 2024 kuma gwamnati ta canza takardun fam 500 da 1,000 a jihohin da take riƙe da su, RSF ta haramta sababbin a nata yankin, sai ya zama kuɗin da ke aljihun mutumin Niyala a Darfur ba ya sayen komai a Fot Sudan, na Fot Sudan ma in an kama ka da shi a shingen Darfur tambayoyi za ka sha.